Kafin Ka Kwance Noti na Farko

Ƙannena masu koyon aikin ƙarfe, na garejin unguwa da na ajin Issa Beri da Kalmaharo da EMIG, maza da ƴan matan da suka fara sa rigar aiki tare da mu, ku matso mu yi maganar famfo. Babba nake nufi, mai farfela a ciki, wanda injin lantarki ke juyawa dare da rana, irin masu ɗaga ruwan kogin Isa zuwa matatun Gudel da Yantala, da masu shayar da shinkafar Saga da Kirkisoy da Libore.

Yamai daga kogi take sha, kogin kuwa yana ƙasa da gari. Duk ruwan da ya fito a bututun Bukoki ko Lazare ko Talaje, sai da wani famfo ya ɗauko shi daga kogi, wani ya tura shi daga matata zuwa manyan tankuna. Tun sabon tsarin 2001 aka raba aikin biyu: SPEN na riƙe da kaya, SEEN na gudanarwa a ƙarƙashin kamfanin Faransa da aka sani da Veolia, har zuwa farkon 2024 da kamfanin ƙasa NDE ya karɓa. A fadamun shinkafa kuwa, ONAHA da aka kafa a 1978 ita ke sa ido, amma tun bayan taron Damagaram na 1982 ƙungiyoyin manoma ke tafiyar da filayen, su ke biyan kuɗin wuta da na gyara daga abin da suka girba. Kowane famfo yana da dubban masu jiransa, galibinsu ba su taɓa ganinsa ba. Sunan da ke jikin motar aiki kan canja, amma dole wani ya durƙusa ya buɗe famfon ya mayar, kuma nan gaba kaɗan ku ne wannan wanin.

Kwance famfo ba gwaninta ba ce. Ba yaro sufana da guduma da hantsi, kafin azahar ka tarar da kaya baje a ƙasa. Wajen mayarwa ake sanin gwani, mayarwar kuma tana farawa tun famfo na tsaye da notinsa cif. Wannan ita ce duk nasihata, sauran bayani ne.

In ka tarar yana aiki, kada ka yi saurin kashe shi. Tsaya ka saurara. Ɗora kan sukundireba a gidan rulma, wanda mutanen Kano ke ce wa boris, ka kara kunnenka a ƙotar. Taɓa ka ji zafi. Dubi agogon matsin ruwa da na wuta, ka rubuta abin da suka nuna. Tambayi mai gadin tashar yaushe ƙarar ta fara, da safe ta fi ko da yamma, bayan an ɗauke wuta ne ko bayan kogi ya ja baya. Mai gadi bai yi makaranta ba wataƙila, amma shi ke kwana da injin, kuma da ka kashe shi ka rasa wannan shaidar gaba ɗaya.

Sai wuta. Kashe ta daga akwati, ka sa kwaɗo, makullin ya kwana a aljihunka. Wannan ya fi zama wajibi a garinmu, domin mun saba da ɗaukewar wuta, balle tun watan Agustan 2023 da aka katse layin da ke zuwa daga Najeriya na tsawon watanni. Yaro ya zo ya tarar babu wuta, ya ce dama ta samu, ya zura hannu. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Rufe bawul na shiga da na fita, ka zubar da ruwan da ke ciki, sannan ka ɗauki sufana.

Ko da ka ɗauka, dakata. Buga alama da ƙusa a inda murfi ya haɗu da gida, da ɓangarori biyu na mahaɗin da ke tsakanin famfo da injin lantarki. Ciro wayarka ka ɗauki hoto ta kowace fuska, kuma duk abin da ka cire ka sake ɗauka. Wayar da ke cinye maka dare a TikTok ta yi maka rana yau. Ƙarƙashin ƙafafun injin akwai siraran falle-fallen ƙarfe da wani ya sha wahala ya jera don daidaita tsayi. Na kowace ƙafa ka ɗaure su daban, ka rubuta ta gaba ce ko ta baya, dama ko hagu. Shimfiɗa buhu mai tsabta, ka riƙa jera kaya bi da bi yadda suka fito, fuskar da ke kallon farfela tana kallon gefe guda. Notin farfela kuma, duba takardar kamfani ko ka lura da zaren kafin ka sa ƙarfi, don a wasu famfunan hagu yake ɗauruwa. Wanda bai sani ba sai ya ƙara bututu a sufana ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har sandar farfela ta murɗe.

Yanzu kaya na gabanka. A nan nake so ku daɗe, domin a nan yawancin masu gyara ke wucewa da gudu. Ƙarfen da ya lalace yana ba da labarin abin da ya kashe shi, ga mai iya karatu.

Koginmu sau biyu yake cika a shekara. A Agusta da Satumba ruwan Sirba da Dargol da Goruwal ke gangarowa daga wajen Burkina, ja wur, ɗauke da laka da rairayi. Cikar ta biyu, wadda ta taso daga tsaunukan Gini, sai lokacin sanyi take isowa, bayan ta sauke yawancin lakarta a fadamun Mali. Jan ruwan nan shi ke cin farfela, cinsa kuwa sumul ne: fukafukai su yi siriri, bakinsu ya yi kaifi, ka ga layi-layi inda rairayi ya bi. In haka ka gani, famfon ba shi da laifi, sai a duba inda bakin bututu ya sauka, ko ya yi kusa da ƙasan kogi.

Akwai wani ci daban. Za ka ga ƙananan ramuka birjik kusa da idon farfela, kamar gara ta shiga ƙyauren gida. Wannan ba rairayi ba ne, kuma sai ka fahimci yadda famfo ke aiki za ka gane shi. Famfo ba ya jan ruwa da ƙarfinsa. Rage matsi yake yi a bakinsa, nauyin iskar da ke danne kogi ya turo ruwan sama. Iyakar abin da iska ke iya turawa bai wuce mita 10 da ɗan kai ba a lissafi, a aikace kuwa mita 6 zuwa 7. In matsin ya faɗi da yawa, ruwa kan tafasa ba tare da wuta ba, ƙananan kumfa su taso, su shiga cikin farfela su fashe a jikin ƙarfe, kowace da bugunta. Daga waje za ka rantse tsakuwa ce ke yawo a ciki. Yaushe wannan ke faruwa a Yamai? A Mayu da Yuni, lokacin da kogi ya yi ƙasa kuma ruwan ya ɗumama. Manyanku sun ga Yunin 1985 da kogin ya daina gudu gaba ɗaya a nan, abin da ya sa aka gina shingen Gudel don tare ruwa. Ko kogi bai kai haka ba, rariyar bakin bututu da kainuwa da leda suka toshe tana haifar da ciwon nan. Mai gyaran da ya canja farfela bai leƙa rariya ba, ya sayar wa manoma abu ɗaya sau biyu, don baɗi zai dawo da wata.

Haka rulma. In ya yi shuɗi, zafi ne. In hanyar ƙwallayen ta ci gefe ɗaya, daidaito ne ya ɓaci. In ka murza tsohon giris a yatsa ka ji gara-gara, ƙura ta shiga. In hannun rigar sanda, wato bututun da ke kare ta inda ruwa ke son fita, ya yi zurfin rami, wani ya matse igiyar toshi fiye da ƙima.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kasuwar hatsi gaskiya ne. A cikin famfo ido makaho ne. Tsakanin wuyan farfela da zoben da ke kewaye da shi akwai ƴar tazara, a matsakaicin famfo sabo wajen milimita 0.3 zuwa 0.5. In ta ninka, ruwan da aka tura yana zagayowa baya ta nan, inji na shan wuta, kamfanin wuta NIGELEC na rubuta kuɗi, tanki kuwa ba ya cika. Sanda kuma a ɗora ta a juya, a kafa mata agogon awo. In karkatarta ta wuce milimita 0.05, rabin kaurin takardar ofis ke nan, ba ta koma ciki ba. Wani zai ce wannan tsanani ne. To, yi lissafi. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, don haka yawancin injunan nan suna juyi kusan 1450 a minti, wasu 2900. Mai 1450 ɗin, in ya wuni ya kwana, ya juya fiye da sau miliyan 2. Kowane juyi, ƴar karkatar nan sai ta daki rulma. Ka sayi ma'aunin kauri kafin ka sayi sabuwar waya. In kuɗi bai kai agogon awo ba, ku haɗu uku ku saya.

Sa rulma shi ne inda ake gane tarbiyyar bakanike. Kada ka buɗe takardarsa sai lokacin sawa, balle a hunturu da ƙura ke shiga har cikin tukunya. Ya kamata ya kama sanda gam, don haka ɗumama shi ake yi ya buɗe kaɗan: a cikin mai mai tsabta ko a na'urar ɗumamawa, zuwa digiri 90 ko 110, kada ya haura 120, in ba haka ba ƙarfen ya saki. Kada harshen wutar walda ya taɓa shi. Da ya yi zafi ka zura shi da sauri har ya zauna a kafaɗar sanda, ka riƙe shi sai ya kama. In ƙarami ne da za a buga, a sa bututu a zoben ciki kaɗai. Duk bugun da ya bi ta ƙwallaye ya bar tabon da ba a gani yau, sai bayan wata uku a ji shi. Giris kuma, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gidan ya isa. Mutanenmu suna cika shi dam don nuna kirki, giris ɗin ya rasa inda zai juya, ya yi zafi ya narke ya tsiyaye. Kada kuma a gauraya iri biyu.

Bari in ɗan ratse kan sayen kaya. Ina girmama dabarar maƙeranmu. Wanda ya zaga Katako ya san babu abin da hannun ɗan ƙasar nan ba ya ƙerawa, kuma akwai wurin da dabara halal ce. Juwan, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfi da gida, ka iya yanka shi daga falle in kaurin daidai ne. Zoben farfela da hannun rigar sanda, mai injin gurza ƙarfe ya iya fitar maka da su in ka kai masa awo na gaskiya. Amma rulma da fuskar zoben tsare ruwa ba a yi musu dabara. Jabun rulma ya cika duniya, har da mai ɗauke da sunan SKF a kwali mai kyau, kamfanin da kansa ya daɗe yana yaƙi da wannan. In farashi ya yi daɗi fiye da hankali, tambayi kanka dalili. Araha ba ta ado, a cikin famfo ma ba ta kwana.

Inda sanda ta fito daga gidan farfela dole a tsare ruwa, hanyoyin kuma biyu ne. Tsohuwar ita ce igiyar toshi. Ba naɗa ta ake yi kamar zaren famfon wanka ba. Zobe-zobe ake yanka ta a jikin sanda, a sa ɗaya bayan ɗaya, kowane a tura shi ya zauna, bakin wannan ya kauce wa bakin wancan da kwatan zagaye. In akwai zoben ƙarfe mai huji a tsakiya, ya faɗa daidai ƙofar ruwan da ke sanyaya wurin. Ga abin da ke ba yara mamaki: dole ta ɗiga. Ɗigo 40 zuwa 60 a minti, kusan ɗaya a daƙiƙa, shi ne lafiyarta, don wannan ruwan ke hana ta ƙonewa. Za ka gamu da mai tasha da zai ce, “Malam, ai har yanzu yana yoyo, ƙara matsewa.” Yi masa bayani da ladabi, amma kada ka matse.

Sabuwar hanyar ita ce zobe mai fuska biyu, ɗaya ta gawayi ɗaya ta tangaran ko makamancinsa, suna gugar juna da ƴar rigar ruwa a tsakani. Wannan ba ya ɗiga, amma ba ya yafiya. Kada yatsa mai maiƙo ya taɓa fuskar. Robarsa da ruwan sabulu ake zura ta, don wata robar mai kumbura ta yake yi. Kuma kada ya juya a bushe, ko na “bari in gwada in gani”. Ƴan daƙiƙu sun isa su kashe shi.

Wajen rufe gida, sabon juwan mai kaurin tsohon, domin a wasu famfunan kaurin nan ne ke tsayar da tazarar farfela. Ɗaure notuna a gicciye, wannan sannan na daura da shi, zagaye biyu ko uku kana ƙara ƙarfi. Bayan kowane mataki sa hannu ka juya sanda. In ta yi nauyi ko ta goga, tsaya nan take, don ka san abu na ƙarshe da ka taɓa. Wanda ya bari sai ya gama duka sannan ya juya, zai sake kwance duka yana lalube. In ka rufe kuma ka ga washa ɗaya ta rage a kan buhu, kada ka jefa ta aljihu ka ce kamfani ne ya yi ƙari. KSB da Grundfos ba sa kyautar ƙarfe. Buɗe ka nemo gurbinta. Da zarar murfin nan ya rufu babu mai ganin abin da ke ciki sai Allah sai kai, shi ya sa nake kiran wannan aiki amana.

Saura daidaita famfo da injinsa, aikin da ya fi cin lokaci, ya fi kuma shan tsallake. Robar mahaɗi tana yaudara: tana haɗa sanduna biyu ko sun karkace, komai ya juya lafiya a ranar farko. Famfo ke zaune daram, inji ake matsawa, da falle-fallen nan da ka ɗaure daban-daban. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan mahaɗi sama da ƙasa da gefe biyu, ka auna tazarar fuskokin, in da agogon awo ka nemi ƙasa da milimita 0.1. Duk lokacin da ka ɗaure ƙafa ka sake aunawa. Bututu kuma shi zai zo ya sami famfo. In sai an ja shi da sarƙa kafin huji ya haɗu da huji, ya riga ya murɗe gidan, duk awonka ya tashi a banza.

Kafin ka haɗa su, kunna injin shi kaɗai ka ga ina yake juyawa, ka gwada da kibiyar da ke jikin famfo. A wuta mai layi uku, musanya waya biyu kawai ke juya inji baya. Abin haushin, famfon da ke juyi baya yana ba da ruwa, kaɗan ne dai, sai a yi ta zargin kogi. In kuma injin ya taɓa nutsewa, kamar yadda ya faru a fadamun bakin kogi a Satumbar 2020 da ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, a busar da shi a auna rufin wayoyinsa kafin a ba shi wuta.

Cika famfon da ruwa, ka fitar da iska ta ɗan notin sama. Bawul na shiga a buɗe gaba ɗaya, na fita a rufe ko kusa da haka, ka kunna, ka riƙa buɗewa a hankali. Kada ka bar shi a rufe ya daɗe, ruwan ciki zafi yake yi. Ruwa ya fito, mutane sun yi kabbara, kai kuwa aikinka bai ƙare ba. Zauna awa guda. Igiyar toshi ka riƙa matsa ta kaɗan-kaɗan, da tazarar mintuna, har ɗigon ya daidaita. Taɓa gidan rulma. Kwatanta agogon matsi da na wuta da abin da ka rubuta da farko.

Na san matsin da za ku shiga. Shugaban ƙungiya zai tsaya a kanka yana cewa, “Ɗana, shinkafa na ƙonewa.” Gaskiya yake faɗa, kuma ba za ka ɗaga masa murya ba. Ka ce, “Baba, a ba ni zuwa la'asar in daidaita shi, in na sake shi yanzu, kafin girbi za mu sake buɗewa.” Bayan an huce ka nuna masa cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Filayen nan sau biyu ake nomawa a shekara, tsakanin girbi da dashe akwai ƴan makonnin da famfo ke hutawa, lokacin buɗe shi ke nan.

Ajiye littafi a tashar, ko na ɗan firamare ne: ranar da aka buɗe, lambar rulma, awon zobe, irin giris, abin da agogo ya nuna. Wasu manyanmu sun riƙe irin wannan sani a ka don kada a yi babu su, suka tafi da shi. Tsoffin kayan da ka cire kuma ka miƙa wa mai famfo a hannunsa ya gani. Sannan ka gaya masa abin da zai mutu nan gaba. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, abin da ake jira makonni ya zama watanni. In awonka ya nuna zoben farfela ba zai wuce jan ruwan bana ba, rubuta masa lambar famfon da ta zoben a takarda, ka ce a yi odarsa yau.